Taken Sarkin Noma a Lasifika

Mun tashi da asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce, ana idar da salla, gari ya haɗa hadari ya ƙi zubarwa. Mu biyu ne a tsohuwar motar abokina, kujerar baya kuwa ba masaka tsinke: majigi, babbar lasifika, ƙaramin janareto, da farin zanin gado da matarsa ta ba mu aro bisa sharaɗin kada ya dawo da tabo. Masu bin shafin nan kun san aikina, duk mako in zaga gari in dawo in gaya muku wane baje kolin zane ne ya cancanci kuɗin adaidaita sahu, wane fim za ku kalla, wanne ne ɓata lokaci. A makon jiya abu uku na ba ku. Akwai nunin hotunan rubuce-rubucen bayan mota da ake yi a wani zaure cikin gari, akwai gajeren fim ɗin samarin nan masu gambarar zamani a ƙarƙashin gada, sai kuma wanda na ɗora a kan kowa, na yi ta kwarzanta shi har wasunku suka ce ko biyana aka yi, wato fim ɗin makaɗan gangar noma. To mai wannan fim ɗin shi ne abokin tafiyata. Shekara uku ke nan da ya ɗauke shi a wani ƙauye tsakanin Ɗanbatta da Makoda, ya yi wa mutanen alkawarin zai dawo ya nuna musu kansu. Birni ya kalla, an tafa, an yi hotuna, su kuwa shiru kamar an shuka dusa. Ni na matsa masa mu je mu sauke nauyi, kuma ina so ku san da haka tun yanzu.

A Kurna muka tsaya karin kumallo. Ƙosai yanzu ya zama abin da ya zama, guda uku naira ɗari biyu, kowanne bai fi ƙwallon goruba da aka gama gwaigwaya ba. Mai suyar ta ga ina juya shi a hannu, ta ce, "Alhaji, wake ne ya yi tsada, ba ni na rage ba." Na ce Allah ya tabbatar da Alhajin, ƙosan dai a ƙara ɗaya. Ba ta ƙara ba. Muka kora da koko, muka kama hanya, a Mil Tara muka ɗauki titin Daura, yayyafi ya fara sauka.

Wanda bai taɓa bin hanyar nan da damina ba bai gama sanin Kano ba. Babu daji ko na tafin hannu. Gona manne da gona, gero ya wuce kan mutum ya fara fitar da kai, dawa na biye da shi, gyaɗa da wake sun cika tsakanin kunyoyi, ƙauyuka kuwa kafin ka gama fita daga wannan ka shiga wancan. Awaki duk a turke saboda shuka, sai kuka suke yi. Gawo ya kaɗe ganyensa tas kamar yadda ya saba in ruwa ya sauka. Amma abin da ya fi tsaya mini a ido shi ne turakun siminti masu jan fenti da ke tsaye cikin gero, nan huɗu, can shida, da shingen waya, da allunan fili na sayarwa. Abokina ya ce lokacin da ya zo ɗaukar fim babu rabin waɗannan. Muka ci gaba da tafiya, abin share gilashi na ta ƙugi don robarsa ta cinye.

A Ɗanbatta muka sha fura da nono mai kyau, wadda ta fi duk wadda ake dama mana da inji a birni, muka cika jarka da man janareto, kuɗin da na biya kuwa ba zan faɗa ba don kada in sake jin zafinsa. Muka saki kwalta muka shiga burji. Ba mu yi nisa ba motar ta zauna cikin laka ta ce ita nan ta kawo. Da taimakon wasu bayin Allah aka turo ta gefe, muka bar ta a ƙofar wani mai shayi, muka ɗauki babur uku, dubu ɗaya da ɗari biyar kowanne, na ukun na janareto ne shi kaɗai kamar wani basarake. Ni na rungumi lasifika a cinya har ƙauyen, ruwa na shiga mini ta wuyan riga, gero na marina hagu da dama.

Wanda ya tarbe mu shi ne tsohon makaɗin da fim ɗin ya ginu a kansa. Waɗanda suka kalla za su tuna shi, gajeren dattijon nan mai giɓi da ke dariya yana kiɗa. Yana ganin abokina ya tafa hannu ya ce, "Mai hoto! Ashe kana raye? Mun ce ko ka sayar da mu ne ka ƙara aure." Aka yi dariya, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Wannan lokaci ne da rumbu ya yi ƙasa sabon gero bai shigo ba, kowa ya san haka, amma sai da aka kawo mana ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka da kwaɗon zogale. Na ci ina jin kunya, don na san daga bakin wasu aka ɗauko shi.

Na ɗaga kai na ga gangar a rataye jikin azara, an naɗe ta cikin buhu. Na tambaya yaushe rabon da a kaɗa ta. Baba makaɗi ya ce damina biyu ke nan. Gayya ta mutu, wato taron da gari ke yi a faɗa gonar mutum ɗaya a nome ta da kiɗa a wuni guda. Mai hali yanzu shanun huɗa yake ɗaukowa, ciyawa kuma a yi mata feshi, samarin da ke riƙe galma rabinsu suna Abuja da Legas suna neman na kansu. Ya faɗi wannan ba tare da kuka da kowa ba, kamar mai ba da labarin farashin gishiri.

Sai abokina ya tambayi Sarkin Noma. Shi ne ƙaton mutumin nan na ƙarshen fim, wanda aka yi gayyar a gonarsa, wanda na rubuta muku cewa ko don minti biyar ɗinsa kaɗai ku je ku kalla. Fuskar Baba makaɗi ta canza. Ya ce ciwon suga ya kama Sarki bayan tafiyar mai hoto, ƙafa ta yi gyambo, aka yi ta kai shi asibiti a Kano har sai da aka cire masa yatsu uku. Gonakinsa suka bi ciwon ɗaya bayan ɗaya. Gonar Tsamiya ta fara tafiya, fadamar ta bi, daga ƙarshe babbar, wadda aka ɗauki fim ɗin a cikinta. Wani mai kuɗi daga birni ya saye ta, ya zagaye da waya, ya gina ɗakunan kaji. Yau mutumin da ya taɓa ɗaure dami dubu ba shi da kunya ko ɗaya ta kansa. Kowa ya sani, shi ma ya sani, amma ba a yin zancen a gabansa, kuma har gobe Sarki ake ce masa.

Sannan Baba makaɗi ya matso ya rage murya. "Akwai wurin da na kaɗa masa takensa a hoton nan, ko? Don Allah ku tsallake shi." Na ce, "Baba, ai nan ne ma zuciyar fim ɗin." Ya dube ni irin kallon da ake yi wa baƙon da bai san gari ba. Ya ce kowane babban manomi da takensa, kiɗan da ba a yi wa kowa sai shi. In aka kaɗa, ko loma ce a hannunsa zai ajiye ya fito, ya amsa da kirari, ya faɗi gonakinsa da sunayensu, ya ɗauki galma ya shiga gaba. Wanda ya ji takensa ya zauna ya zama abin zunɗe har jikokinsa. Shi ya sa ba a kaɗa shi sai da gona a gaba. Ya ce, "Ɗana, in ya ji zai taso. In ya taso, me zai ce nasa ne? Mutuncinsa kaɗai ya rage masa, kada ku zo daga Kano ku yaye masa shi."

Muka je gaishe da Sarkin. Gidansa na daura da makarantar firamaren da aka ba mu aji ɗaya mu yi nunin, hanya ce kawai tsakaninsu. Mun same shi a zaure kan buzu, ƙafar a miƙe an naɗe da tsumma mai tsabta, sanda a gefe. Wallahi da ba a gaya mini ba, ba zan gane shi ba. Kafaɗun nan da suka cika farin ƙyalle a birni sun zube, rigar ta yi masa yawa. Amma ya karɓe mu da fara'a, ya tambayi iyali, ya tambayi hanya. Ya ce shi ba zai samu zuwa kallo ba saboda ƙafa, a yi lafiya. Har mun miƙe ya ce, "Mutanen Kano sun gani? Me suka ce?" Na ce, "Ranka ya daɗe, tafi suka yi ta yi." Ya gyaɗa kai ya ce madalla.

A hanyar komawa muka yi gardama ni da abokina. Shi ya ce a bi maganar tsoho, in an zo wurin a tsallake. Ni kuwa na kafe. Na ce mun yi tafiyar nan, mun sha ruwa da laka, sannan mu nuna wa mutane fim ba kai? Na ce ai mutumin da bakinsa ya ce ba zai zo ba, lasifika tana cikin aji, tagogi a rufe, in an zo wurin sai a rage murya, shi ke nan an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ina da baki, kun sani. Abokina ya gaji ya ce to, amma rage muryar a wuyana yake. Na ce na ɗauka.

Bayan la'asar aka fara. An toshe tagogi da tabarmi don a samu duhu, aka ɗaure zanin gado a jikin allo, janareto ya yi tari sau biyu ya kama. Ajin da aka gina wa yara arba'in ya ɗauki mutum sun fi ɗari, zafi da warin jiƙaƙƙun kaya kamar a suma. Mata ba su shigo ba, suka taru ta bayan tagogi suna leƙe ta ɓular tabarma. Ba a yi minti goma ba wata dattijuwa ta ɗaga murya daga waje ta ce su fa ba sa jin komai, ko hoton na maza ne kaɗai? Aka yi dariya. Ni sarkin gwaninta na ɗauki lasifikar, na ɗaga gefen tabarma, na ɗora ta kan taga tana fuskantar waje, na murɗa ta har ƙarshe. Mata suka yi guɗa, na koma can bayan aji ina jin kaina kamar wanda ya gina masallaci.

Kallon fim ɗin a can daban yake da na birni. A birni shiru ake yi, ana gyaɗa kai, wani ya ce dubi yadda haske ya faɗo. A can kuwa suna ake kira. "Ga wane!" sai a kwashe da dariya. "Ga wane, Allah ya jiƙansa," sai a yi tsit. Wannan yana Legas, wannan ya rasu bara, wannan shekara biyu ba labarinsa. Wata mata a waje ta ga ɗanta ya gifta da galma a kafaɗa, ta roƙi a mayar da wurin, aka mayar sau biyu. Na shagala da kallon fuskokinsu. Na manta da alkawarin da na ɗauka, wallahi na manta shi sarai.

Sai gangar ta canza murya. Kun san wurin, inda kiɗan ke yin ƙasa ya yi nauyi, ya riƙa faɗuwa ɗaya-ɗaya kafin ya haukace. Ajin ya yi tsit gaba ɗaya. Na hango Baba makaɗi a gaba ya juyo yana nemana da ido, ya ɗora hannu biyu a ka. A lokacin na tuna inda na ajiye lasifikar da inda take kallo. Na yunƙura, amma tsakanina da tagar akwai mutum hamsin a zaune gwiwa da gwiwa, abokina kuma yana can wani lungu an danne shi da jama'a, kwamfutar da fim ɗin ke ciki na gaban allo. Ina taka mutane ina ba da haƙuri, kiɗan na ƙara hawa, yana fita ta taga yana tsallaka hanya.

Ban kai ba. Hasken ƙofa ya toshe, aka juya. Sarkin Noma ne a tsaye, sanda a hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da ƙyaure, tsumman ƙafarsa ya jiƙe da laka. Ya buɗe baki daidai lokacin da na cikin fim ɗin ya buɗe nasa, muryoyi biyu suka tashi tare, ɗaya ta cika gari, ɗaya da ƙyar take kai tsakiyar aji:

"Sai ni na gaban kunya, mai barin ƙato a baya! Rana ta gaji ban gaji ba! Gonar Tsamiya tawa, fadamar gabas tawa..."

A nan ta ƙofar ta tsaya. Ta cikin lasifika ta ci gaba da lissafa gonaki, tana faɗin dami, tana cika baki, shi kuwa yana tsaye bakinsa a buɗe yana kallon kansa a jikin zanin gado. Wasu samari suka fara tafi, suna tsammanin cikin shirin ne. Wayoyi suka tashi sama, biyar, goma, ana ɗaukarsa. Zan faɗi abin da ya fi ba ni kunya a duk tafiyar: ni ma hannuna ya kai aljihu kafin in ankara in janye shi. Abokina ya samu ya fizge wayar janareto, komai ya mutu, sai ƙarar yayyafi a kan kwano.

Sarkin bai kalle mu ba ko sau ɗaya. Makaɗinsa ya nema a cikin duhun, ya ce da shi a hankali, "Na ji kira, ga ni. Wace gonar za a shiga?"

Baba makaɗi ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba ni na kaɗa ba, Sarki. Inji ne."

Sarkin ya gyara riƙon sandarsa. Sannan ya ce, "To," ya juya. Mutum biyu suka tashi za su riƙe shi, ya ɗaga musu hannu, ya tsallaka hanyar shi kaɗai yana jan ƙafa. Ba wanda ya ce a ƙarasa fim ɗin. Jama'a suka watse ba hayaniya, mata suka ja yaransu. Muka kwance zanin gado, muka naɗe wayoyi. Na ce zan je in ba shi haƙuri, Baba makaɗi ya tare ni ya ce in bar shi, haƙurina wani nauyin ne zan ƙara masa. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya raka mu har bakin gari, ya ba mu damin zogale a kai wa iyali, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Dawowa ba daɗi. Babur dubu biyu suka ce yanzu, don yamma ta yi, ban ko yi ciniki ba. Motar ta tashi da turi. Muka yi magariba a Ɗanbatta, ruwan da ya wuni yana wasa ya sauko da gaske, muka riƙa tafiya kamar kunkuru. Sai da muka wuce Mil Tara muka shiga hasken gari abokina ya ce, "Ni ma da laifina, fim ɗina ne." Na ce a'a, kada ya raba ni da abina. An daɗe da idar da isha ya sauke ni a ƙofar gida, aka kawo mini abinci na kasa ci.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya yi mini tsada, kuma wani ne ya biya. Mu 'yan birni masu son zane da fim da kiɗa mun saba ɗaukar komai abin kallo, mu zauna a kujera mai laushi mu ce wannan wurin ya yi kyau. Abin da muke tafa wa a zaure, a inda aka ɗauko shi yana da mai shi, kuma yana nan yana aiki. Tsoho ya gaya mini da Hausar da ba ta buƙatar fassara, na ga kamar na fi shi sanin fim. Nunin hotunan bayan mota yana nan har ƙarshen wata, ku je. Na samarin gada ma ku nema. Na gangar noma abokina ya janye shi tukuna, ya ce sai ya koma ya zauna da mutanen ya ji abin da suke so a yi da ƙarshensa, wannan karon ba da ni ba. Wanda kuma aka turo wa bidiyon wani tsoho a ƙofar aji yana kirari, don girman Allah ya goge, kada ya tura gaba.

Jiya Litinin Baba makaɗi ya ari waya ya kira abokina, ina zaune a wurin. Muka tambayi jikin Sarki. Ya ce washegarin zuwanmu, da sassafe, Sarki ya aika maƙwabta aka aro masa galma, don tasa an daɗe da sayarwa. Ya rataya ta a kafaɗa, ya dogara sanda har bakin wayar babbar gonar, ya tsaya yana kallon ɗakunan kaji. Mai gadin wurin ya fito masa da benci, ya ƙi zama. Mutane na wucewa gona suna gaishe shi, yana amsawa. Yana nan tsaye har rana ta take, ba wanda ya iya zuwa ya ce masa ya koma gida.